Alƙali, Sarki da Final Kod: Sulhun da Arewa ta Yi a 1960

A ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a sauke tutar Ingila a Legas, wata doka ta fara aiki a Jihar Arewa ba tare da kiɗa ko bushe-bushe ba. Kafin wannan rana, idan aka gurfanar da ɓarawo ko wanda ya yi kisa a gaban alƙali a Kano ko Bida ko Yola, littattafan da ke gefen buzunsa su ne Risala da Muhtasar da Tuhfa, kuma daga cikinsu yake ciro hukunci. Daga ranar, sai aka miƙa masa wani kundi mai sassa sama da 400, kowane laifi da lambarsa da iyakar horonsa, aka ce da shi nan zai riƙa dubawa. Wannan kundi shi ne Final Kod.

Yawancinmu mun san jihadin 1804, mun kuma san abin da ya faru a Gusau a 1999. Abin da ke tsakani ne ba a cika ba mu labarinsa ba, shi ya sa duk lokacin da gardamar Shari'a ta tashi a Facebook sai ka ji ɓangare ɗaya na cewa Turawa sun soke Shari'a tun ranar da suka ci Sakkwato, ɗaya ɓangaren kuma na cewa 'yan siyasar 1999 ne suka ƙirƙiro ta don neman ƙuri'a. Duka biyun ba su yi wa tarihi adalci ba. Shari'ar laifuffuka ta yi shekara 57 tana aiki a ƙarƙashin Turawa, kuma gwamnatin Sardauna ce, da hannun sarakuna da malamai, ta sa hannu aka ajiye ta.

Da Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi alkawarin ba zai tsoma baki a addinin mutane ba, ya kuma ce sarakuna da alƙalai za su ci gaba da yin shari'a kamar da. Amma ya gindaya sharuɗɗa: ba yanke hannu ko wata gaɓa, ba ɗaure mutane a ramukan da ake kira kurkuku a lokacin, kuma ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai da yardar hukumar Turawa. Ba ƙaunar Musulunci ce ta sa shi haka ba. Ba shi da ma'aikata, ba shi da kuɗi, ga ƙasa mai faɗin gaske, ga kuma kotuna da alƙalai da dogarai da ya tarar suna aiki. Mai hankali ba ya rushe rumbun da ya tarar cike da hatsi. Don haka aka bar alƙali da littattafansa, aka yanka masa albashi daga baitulmalin En'e, aka ɗora Di'o da Razdan su riƙa duba littafin shari'arsa. A 1934 ma har makarantar horar da alƙalai aka buɗe a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce daga baya ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan, wanda ya zagaya ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila yana nazarin kotunan Musulmi ya kuma fitar da littafi a 1954, ya ga cewa in an ɗauke yankin Larabawa, da wuya a sami inda ake aiki da shari'ar Musulunci sosai kamar Arewacin Nijeriya.

Sai dai a gefe guda Turawan sun zo da tasu dokar. A 1904 Lugga ya kafa Kiriminal Kod, wadda aka kwafo daga dokar jihar Queensland ta Ostireliya, aka kuma shimfiɗa ta a kan Nijeriya duka a 1916. Ita ce kotunan joji ke amfani da ita. Ke nan ƙasa ɗaya, dokokin laifi biyu, kuma inda suka fi cin karo shi ne a kan jini.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin mutane na ɗauka cewa ɗaya dokar mai tsanani ce ɗaya mai sauƙi, alhali kowacce tana da inda ta tsananta da inda ta sassauta. A mazhabar Malikiyya, idan ka kai wa mutum duka cikin gaba ko fushi ya mutu, ko da sanda ce ko mari, kisan ganganci ne. Ba a duba cewa shi ne ya fara tsokanar ka. Hukuncinsa ƙisasi. Amma ƙisasin haƙƙin waliyyan mamaci ne: suna iya cewa a kashe, suna iya yafewa, suna iya karɓar diyya. In sun yafe, hukuma ta yi wa mai laifin bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, ya koma gida. Inda ba su da ikon yafewa shi ne kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, kuma daga wannan babi na fiƙihu ne kalmar ta shigo bakinmu har 'yan jarida ke ta maimaita ta yau. Dokar Ingila kuwa tana duba tsokana: wanda aka harzuƙa har hankalinsa ya gushe ya yi kisa nan take, ba a rataye shi, ɗauri ake yi masa. Amma in ta tabbata kisan kai ne tsantsa, to igiya ce kawai, ko da iyayen mamacin sun zo suna kuka suna cewa sun yafe. Jinin na gwamnati ne, ba nasu ba.

Saboda haka mutum biyu za su aikata abu iri ɗaya a gari ɗaya, a kai ɗaya majalisar sarki a kai ɗaya gaban joji, wannan ya rasa ransa wancan ya tsira, ko kuma akasin haka. An daɗe ana kawar da kai daga wannan, har aka zo kan shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba.

Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci ta yanke masa hukuncin kisa, kuma bisa Malikiyya hukuncin daidai yake. Amma yadda abin ya faru akwai tsokana a ciki, irin wadda da a gaban joji ne da ba za a rataye shi ba. Tun gyaran da Gwamna Cameron ya yi a 1933 an buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e zuwa na Turawa, don haka maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A 1947 kotun ta soke hukuncin. Dalilin da ta bayar ya fi sokewar tayar da ƙura: ta ce duk laifin da Kiriminal Kod ta ambata, to da ita za a hukunta shi ko a kotun wa aka kai shi. Ma'anar wannan ita ce alƙalan Arewa sun yi shekara goma sha huɗu suna yanke hukunci da dokar da ba ita ce ke kansu ba, ba su sani ba, Razdan ɗin da ke duba su ma bai sani ba.

Sarakuna suka fusata, suka tuna wa gwamnati alkawarin Lugga. A 1948 aka yi sauri aka gyara doka aka maido wa kotunan En'e ikonsu, a 1951 aka sake taɓa ta, amma tsugune ba ta ƙare ba. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙolin Tarayya ta fitar da wata matsaya: alƙali na iya yin shari'a da fiƙihunsa, amma ba zai yanke horon da ya wuce wanda Kiriminal Kod ta tanadar wa wannan aikin ba. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa an ɗora wa alƙalin da ya yi shekara ashirin yana karatun Muhtasar a zaure nauyin ya san wata doka da aka rubuta da Turanci, wadda bai taɓa karantawa ba, ya kuma auna hukuncinsa da ita.

Wannan ita ce matsalar lauyoyi. Akwai wasu biyu da suka fi ta zafi, kuma su ne suka tilasta a yi wani abu.

Ta farko daga cikin gida ta taso. Alƙali ma'aikacin En'e ne: sarki ke naɗa shi, sarki ke iya tuɓe shi. 'Yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, kuma ba a yarda lauya ya shiga kotun alƙali ba. Ban da haka, mafi yawan laifuffukan da ake kawowa ba na haddi ba ne, na ta'aziri ne, wato waɗanda aka bar wa mai shari'a ya duba ya yanke abin da ya ga ya dace. Wannan dama ce mai kyau a hannun alƙali mai tsoron Allah. Amma da aka kafa NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, siyasar jam'iyyu ta shigo, En'e kuma ta zama ƙashin bayan NPC, sai damar ta koma bulala. A kama ɗan NEPU a kan ya yi taro ba izini, ko ya zagi sarki, ko ya raina hakimi, a kai shi gaban alƙali da safe, kafin azahar yana gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wanda aka ɗaure ba shi da wata takarda da zai nuna ya ce ga iyakar abin da doka ta ce, domin babu ita.

Abin lura shi ne 'yan NEPU ba Shari'a suke yaƙa ba. Malam Aminu Kano ɗan gidan alƙalai ne, mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙalin Kano, shi kansa kuma mai tafsiri ne. Malam Sa'adu Zungur malami ne ɗan malamai. Hujjarsu a kan sarakuna daga littattafan masu jihadi suke ɗauko ta. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya lissafa halayen sarakunan da ya yaƙa, har da karɓar gaisuwa da cin dukiyar talakawa da karkatar da shari'a don mai kuɗi, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami don ya nuna musu yadda mai mulki da alƙali ya kamata su kasance. 'Yan sawaba suka ce a ɗora En'e a kan wannan ma'auni a gani. Don haka rigimar shekarun 1950 a Kano da Zariya da Katsina, Musulmi ne da Musulmi, kowa na cewa shi ne magajin Shehu.

Ta biyu daga waɗanda ba Musulmi ba ta fito. A Kudancin Zariya da sassan Bauchi da Adamawa akwai al'ummomi da yawa da ke ƙarƙashin En'en sarakuna, ga kuma 'yan kudu mazauna Sabon Gari. Da taron tsarin mulki na Landan ya kafa hukumar Sir Henry Willink a 1957 don ta ji koken ƙananan ƙabilu, maganar kotuna na cikin abin da aka fi kai mata. Kokensu ba ƙage ba ne, yana cikin littattafan: ba a karɓar shaidar wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi, ba a kashe Musulmi don ya kashe wanda ba Musulmi ba sai in gilla ce, diyyar Kirista rabin ta Musulmi ce. Akwai kuma ƙasama, inda dangin mamaci za su yi rantsuwa hamsin a kan wanda suke tuhuma idan akwai alamar da ta ƙarfafa zargi, a yanke hukunci a kan haka. Waɗannan hukunce-hukunce an gina su ne a zamanin da ake da daular Musulmi da kuma waɗanda ke zaune a ƙarƙashin amanarta. Yanzu kuwa ana shirin kafa ƙasar da Tibi da Birom da Bahaushe za su jefa ƙuri'a ɗaya ɗaya. Tambayarsu ita ce: in Bature ya tafi, wa zai duba littafin alƙali?

Sardauna ya fahimci abin da ke gabansa. Ingila ba za ta saki Arewa ta yi mulkin kanta a watan Maris na 1959 da wannan ƙulli a kwance ba, masu neman a yanke jihar Tsakiya suna samun makami, kuma kamfanonin waje da ake zawarci ba za su kawo kuɗi da ma'aikata inda ba su san dokar da za ta hau kansu ba. A ɗaya hannun, in ya taɓa Shari'a da garaje, shi jikan Shehu, sarakuna da malamai za su juya masa baya. Dabarar da ya yi ita ce ya nemo amsar daga ƙasashen Musulmi. Aka tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda suke yi. Suka dawo da labarin cewa a can an bar wa shari'ar Musulunci aure da saki da gado, laifuffuka kuwa da rubutaccen kundi ake hukunta su, kuma ba wanda ya ce sun bar Musulunci.

Daga nan aka kafa kwamitin masana shari'a mai mutum shida a 1958. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson ɗin nan. 'Yan gida uku su ne Shettima Kashim, Wazirin Borno, da Peter Achimugu, Kirista daga ƙasar Igala, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Sun zauna a Kaduna 'yan makonni kawai suka miƙa rahoto a watan Satumba. Shawararsu: a yi kundin laifuffuka guda ɗaya da zai hau kan kowa a kowace kotu, a bar shari'ar Musulunci a kan abin da ya shafi iyali da gado da sauran ma'amala, a kuma horar da alƙalai a kan sabon tsarin.

Asalin kundin kansa abin dariya ne in ka bi salsalarsa. S.S. Richardson, wani jami'in mulki da ya yi aiki a Sudan kafin ya zo Nijeriya, shi ya tsara shi, kuma daga dokar Sudan ya kwafo. Dokar Sudan ta 1899 kuwa daga ta Indiya aka kwafo ta, wadda Lord Macaulay ya tsara daftarinta a 1837 aka zartar a 1860, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da ta yi a Indiya shi ne maye gurbin abin da ya rage na dokar laifuffuka ta Hanafiyya da Turawa suka gada daga sarakunan Mughal. Wato kundin da aka kawo wa sarakunan Arewa a matsayin dokar ƙasashen Musulmi, Bature ne ya rubuta shi a Kalkata. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan gado: ka karɓi aikin da wani ya kwafo daga wani, shi ma ya kwafo daga wani, kowa ya ɗan yi ƙari a inda ya dame shi, har a manta wanda ya aza tubalin farko da abin da ya sa ya aza shi haka.

Amma ba a miƙa shi haka kawai ba. An ba wani kwamitin manyan malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato, Malam Junaidu, suka bi daftarin sashe bayan sashe, suna tambaya ana ba su amsa, inda suka ƙi a gyara. Sawun hannunsu na nan a cikin kundin har yau. Sashe na 387 da na 388 sun mai da zina laifi ga wanda al'adarsa ko addininsa suka ɗauke ta laifi, abin da babu shi a dokar kudu. Sashe na 403 ya haramta wa Musulmi shan giya, shi kaɗai, ban da maƙwabcinsa Kirista. An bar bulalar haddi ga Musulmi a kan irin waɗannan laifuffuka, aka kuma ƙayyade yadda za a yi ta, mai dukan ba zai ɗaga hannu ya wuce kafaɗa ba, don abin da ake nufi kunya ce ba rauni ba. A kan kisa, an karɓi tsokana a matsayin abin da ke sauke hukuncin kisa, kamar yadda Turawa ke so. Abin da aka bar wa waliyyan jini kaɗan ne: kotu ta kira su ta ji ko suna son a kashe ko ba sa so, ta rubuta, a aika wa masu ba gwamna shawara a kan afuwa. Haƙƙin da yake nasu ya koma ra'ayin da ake saurara.

A ganina nan ne aka yi asara mafi girma, kuma ba a cika ambatonta ba, domin masu kukan an soke Shari'a hankalinsu na kan yanke hannu da jifa, waɗanda tun 1903 ba a yin su. Abin da talaka ya rasa a 1960 shi ne ikon ya yafe jinin ɗansa ko ya karɓi diyya ya riƙe marayu. Abin da ya samu kuwa shi ma ba ƙarami ba ne. Tsarin mulkin 1960 ya ce ba za a hukunta mutum a kan laifi ba sai laifin da horonsa suna rubuce a cikin doka. A karon farko ɗan NEPU na iya tambaya a ƙarƙashin wane sashe ake tuhumarsa. Ba wai zaluncin ya tsaya ba ne, don alƙalin na nan a hannun En'e, kuma da farko an ce kundin jagora ne gare shi kawai, ba a matsa masa ya bi kowace ƙa'ida ba. Sai da soja suka zo, a zamanin Hassan Usman Katsina, aka soke kotunan sarakuna a 1967, aka ƙwace kotunan alƙalai daga En'e aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnati. Wannan ne ya raba alƙali da fada, kuma ba don addini aka yi shi ba.

Don a kwantar wa malamai da hankali an kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, aka yi muƙamin Alƙalin Alƙalai. Shehu Awad, ɗan Sudan da ya koyar a Kano, shi ya fara riƙe shi, Malam Abubakar Gumi ya gaje shi a 1962. An fassara kundin da Hausa, aka riƙa kai alƙalai kwas a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya. Dattijon da ya haddace Tuhfa ya koma aji yana koyon lambobin sassa.

Sulhun ya yi shekara 39, amma bai taɓa zama lafiya ba. Da aka raba Arewa jihohi, kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a guda ɗaya ta rabu gida-gida, sai aka nemi a yi ta tarayya da za ta haɗa su. A kan wannan ne majalisar tsara tsarin mulki ta kusa tarwatsewa a watan Afrilu na 1978, wakilai Musulmi sama da 80 suka fice, sai da Janar Obasanjo ya sa baki. Abin da ake rigima a kansa a lokacin aure ne da gado kawai, ba wanda ya kawo maganar haddi a daftarin. A 1988 gardamar ta sake tashi, gwamnatin Babangida ta hana a ci gaba da ita. Su ma ƙasashen da aka yi koyi da su sun juya: Ziya'ul Haƙ ya kawo dokokin haddi a Pakistan a 1979, Numairi ya yi nasa a Sudan a 1983. Hujjar da Sardauna ya riƙe a 1958, cewa haka 'yan'uwanmu Musulmi ke yi, ta zame daga hannun magadansa.

Da Ahmad Sani Yariman Bakura ya tara jama'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, kalmar da ke bakin kowa ita ce an dawo da Shari'a, kuma jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Mutanen da suka cika filin nan ba 'yan wasa ba ne. Sun gaji da kotun da shari'ar gona ke shekara goma, da ɗan sandan da ake saye, da ɓarayin gwamnati da ba a taɓa su, suna kuma fatan dokar Allah za ta kai inda ta mutum ta kasa. Amma abin da aka dawo da shi ba irin na kafin 1960 ba ne, kuma ba zai yiwu ya zama shi ba. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan sharaɗi na cewa laifi sai rubutacce. Saboda haka ba a ce wa alƙali ya koma ga Muhtasar ba. Majalisar dokokin jiha ce ta zauna ta zartar da kundin laifuffuka na Shari'a, wanda ya fara aiki a Zamfara ranar 27 ga Janairu, 2000. Wanda duk ya ajiye shi kusa da Final Kod zai ga an ƙara babin haddi da na ƙisasi da diyya, waliyyan jini sun sami haƙƙinsu na yafewa, an kuma bar ridda a waje don tsarin mulki ba zai ɗauke ta ba. Sauran sassan da yawa, na cin amana da zamba da shaidar zur da tayar da hankali, kusan kalma da kalma daga tsohon kundin aka ɗebo su. Macaulay na nan a ciki, an dai naɗa masa rawani.

An yanke hannun Buba Bello Jangebe a watan Maris na 2000 a kan satar saniya. Bayan 'yan kaɗan irinsa gwamnoni suka daina sa hannu, waɗanda aka yanke wa irin wannan hukunci suka yi ta zama a kurkuku, ba a yanke ba ba a sake su ba. Ba a jefe kowa ba. Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina duk an yanke musu rajamu a ƙananan kotuna, duk kuma kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne suka sake su, a 2002 da 2003. Duniya ta ɗauka matsin lambar ƙasashen waje ne ya cece su, amma hujjojin da alƙalan suka rubuta daga wurare biyu suka fito. Wasu na tsarin mulki ne da ƙa'idar rubutacciyar doka, kamar cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da ya yi abin, ko cewa alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku. Wasu kuwa daga tsofaffin littattafan ne: mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa, kuma a Malikiyya ciki na iya kwanciya shekaru, abin da iyayenmu mata ke kira kwantacce, don haka cikin bazawara ana iya jingina shi ga tsohon mijinta. Ƙananan alƙalan da suka yanke hukuncin farko sun riƙe lambar sashe, sun bar sharhin malamai da ke kewaye da ita, wanda aka gina shi don a kauce wa haddi duk inda aka sami shubuha.

Yau a Kano ko Gusau kundi biyu ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Musulmin da aka kama da sata yana iya samun kansa a kotun majistare a ƙarƙashin Final Kod, ko a kotun Shari'a a ƙarƙashin sabon kundi, kuma sau da yawa ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne ke zaɓar inda za a kai fayil ɗin, shi da ke karɓar umarni daga Abuja ba daga gwamna ba. Matsalar Tsofo Gubba ce ta dawo, aiki ɗaya hukunci biyu, kuma har yanzu Kotun Ƙoli ba ta yanke magana a kan ko haddin da ke cikin kundin jihohin ya dace da tsarin mulki ba. Indiya ta ajiye kundin Macaulay a watan Yuli na 2024 ta maye shi da nata. A Abuja kuwa, inda ba a taɓa ƙaddamar da Shari'a ba, Final Kod ce ke aiki har gobe, da sassanta na zina da na shan giya yadda kwamitin Waziri Junaidu ya bar su.